Daga faɗuwar ɗaki zuwa kwanan tasha

Duk wadda sammako ya kai tashar Madawa, bakin babbar hanyar da ta taso daga Ƙonni ta nufi Maraɗi, ta ga abin da muke gani: mutane kwance ƙarƙashin rumfunan kasuwa, bisa kwali ko tsohon buhun albasa. A da almajirai ne, da masu taɓin hankali, da matafiyin da mota ta bari. Yanzu har da mata masu goyo, da tsofaffin da sunka yi jikoki.

Ruwa ba ya tsami banza. Na farko, rashin tsaro. A watan Nuwamba na 2021 kaɗai, hukumar HCR ta ƙirga mutum sama da 11,500 da sunka gudo daga jihar Sakkwato saboda ƴan bindiga, sunka sauka ƙauyuka 26 na Bangi. Mutanen Bangi sun yi halin girma, sun buɗe gidajensu. To amma an ce baƙo raɓa ne, ga shi raɓar nan ta shekara. In rumbun mai masauki ya ƙare, wasu sai su gangaro gari neman abin kai wa baki.

Na biyu, ruwa. Ambaliyar 2024 ta shafi mutum fiye da miliyan 1 a Nijar. Mu da ke zaune bakin gulaben Maggiya da Keita mun san yadda ginin laka ke jiƙewa dare ɗaya. Makaranta na karɓar waɗanda ɗakunansu sunka faɗi, amma da an koma karatu a Oktoba, dole su tashi.

Na uku yana cikin gidajenmu. Mai gida ya tafi cin rani Libiya ko Abijan, aike ya yanke. Ko ya rasu, ta gama takaba, dangin miji su ce gida nasu ne. Ko saki ya zo, gidan iyaye kuma babu wuri.

Kwanan tasha ba shi ne ƙarshen hanyar ba. Daga nan sai bara, daga bara sai mai mota ya yi mata romon baka da Aljeriya. Ba mu manta Oktoban 2013 ba, lokacin da anka tsinci gawa 92 cikin hamada arewa da Arlit, akasarinsu mata da yara, ƙishirwa ta kashe su.

Abin da munka lura shi ne, tsakanin faɗuwar ɗaki da kwanan tasha akwai ƴan makonni. Cikin makonnin nan ne ƙungiya ke da amfani. Tun 1991 da aka fara Mata Masu Dubara a Maraɗi, akwai asusun taimako ban da kuɗin zubi. Mu ware masa kason muhalli. Mata 25, kowace ta ƙara dala 10 a mako, cikin mako 16 an tara jika 20. In an fara a Fabrairu, kafin ruwan fari kuɗin sun isa yaɓe da leda da azara ga ɗakin da ya fi lalacewa, ko hayar ɗaki ga wadda anka kora.

Sannan takardu. Wadda ta gaji fili ko ta saya, mu raka ta wajen Cofo, hukumar filaye, a rubuta da sunanta. Baƙuwar da ta gudo, mu nuna mata inda ake rajista, don wadda ba a rubuta ba rabon tallafi na wuce ta. In ta zauna unguwarmu, mu ba ta wuri a tabarmar zubi, ko da dala 5 za ta fara. Ƙaramin jari na ƙosai ko ƙuli-ƙuli ya fi kwanon bara.

Asusunmu ba zai maye gurbin gwamnati da magajin gari ba. Shugabannin ƙungiyoyin Madawa, Buza da Keita su haɗa baki su nemi a tanadi masauki mai ruwa da makewayi ga mata da yara, tun kafin sanyin hunturu.

A zaman mako mai zuwa, kowace ƙungiya ta tambayi kanta: wace ce cikinmu ɗakinta ba zai kai ƙarshen damina ba? A rubuta sunanta, a fara da ita. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah ya rufa mana asiri, amin.