Kafin Ka Sauya Wa Tsohuwar Motarka Inji

Idan mota ta fara shan baƙin mai, salansa tana fitar da shuɗin hayaƙi, mai ita ya san canjin inji ya matso. A nan ne mutane da yawa ke yin tuntuɓe: sai su faɗa Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano suna cigiyar injin Beljiyam mafi ƙarfi. Alhali abin dubawa na farko shi ne dacewa, wato injin da zai zauna daram da giyar motar da jikinta ba sai an yi ta yanka da walda ba.

Mu ɗauki Peugeot 504, wadda aka daɗe ana haɗawa a kamfanin PAN na Kaduna da ya fara aiki a 1975. Injinta a miƙe yake, giya na bayansa, farfela kuma na kai ƙarfin ga tayoyin baya. Haka tsarin 505 yake, har ma akwai injin lita 2 da suka yi tarayya a kansa, shi ya sa musanya tsakaninsu ba ta ba makaniki wahala. Ita kuwa 406 injinta a gicciye yake, tayoyin gaba yake ja. Mai son cusa shi a 504 sai ya ƙera sababbin mazaunan inji, ya nemi yadda kuloci zai haɗu da giya, ya sake lagireto da salansa. In kuma giyar ba ta dace da aksul na baya ba, inji zai yi ta ihu a babbar hanya, ko mota ta yi nauyin tashi.

Wani zai ce tun da aka janye tallafin fetur a 2023, inji mai injekta ya fi mai kafreta sauƙin shan mai. Gaskiya ne. Sai dai irin wannan inji ba ya tafiya shi kaɗai: yana buƙatar kwamfutarsa, wayoyinsa, da famfon mai mai matsi sosai. In ɗaya ya kuskure, abin da aka rage a gidan mai zai ƙare a hannun mai wayarin. Araha ba ta ado. Wanda ya nace, to ya sayi inji da giya da wayoyi daga mota guda.

Kafin ka biya, je da makanikinka. Ku buɗe murfin baƙin mai: kumfa mai kalar madara alama ce ta ruwa ya shiga mai. Ku kwance filogi ku duba ko ya jiƙe da mai. Ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar inji, ka gyara takardun mota. Injin da za ka sami kayansa da mai gyaransa a garinku, shi ne naka.