Bincike Kyauta a Intanet: Wa Ke Biyan Kuɗinsa a Dutsin-Ma da Kurfi?

Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma ba ta gaji tsohon ɗakin karatu ba. An kafa ta a 2011, cikin jami'o'i tara da gwamnatin Goodluck Jonathan ta buɗe a shekarar, lokacin da sayen mujallun bincike daga Ingila da Amurka ya riga ya gagari har manyan yayyenta. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka buɗe a 1962, tana da Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim da ta daɗe tana cikawa. Dutsin-Ma kuwa tun farko intanet ne madogararta. Shi ya sa batun sakin bincike kyauta ga kowa ya fi shafar ɗalibin wannan yanki a kan na Landan.

Tsadar mujallu ce ta haifi wannan yunƙuri. Malamai su yi bincike, su tace na juna ba tare da an biya su ba, sannan kamfanonin ɗab'i su sayar wa jami'o'insu da tsada. A 2002 wasu masana suka fitar da sanarwar Budapest, suna neman a riƙa sa sakamakon bincike a intanet ba tare da kuɗin shiga ba. Kafin nan, a 1998, an fara dandalin AJOL mai tattara mujallun Afirka. A nan gida wayar hannu ce ta ƙarasa aikin. Kullen korona na 2020 da yajin aikin ƙungiyar malaman jami'a ta ASUU na wata takwas a 2022 sun koya wa ɗalibai neman karatu da kansu: littattafan darasi na jami'ar NOUN da ake saukewa kyauta, da takardun da ke yawo a zaurukan WhatsApp na 'yan aji.

Amfanin ba ƙarami ba ne. Ɗalibar da ke rubuta kundin kammala digiri a kan ingancin ruwan madatsar Zobe tana iya karanta abin da aka gano a madatsar Tiga ko a Indiya tana zaune a ɗakin mahaifiyarta a Kurfi. Yayanta da ya yi karatu shekaru ashirin baya sai ya nemi kuɗin mota zuwa Zariya, ya bi layin shagon fotokwafi. Jami'ar Dutsin-Ma ma ta samu murya: mujallarta ta kimiyya, FUDMA Journal of Sciences, tana intanet a buɗe, kuma malamai daga jami'o'i da dama suna aika mata aiki.

Sai dai kuɗin bai ɓace ba, wuri ya sauya. Da yawa daga mujallun da ba su cajin mai karatu suna cajin marubuci, manyan na ƙasashen waje kuma da dala suke karɓa. Kafin Yunin 2023 farashin dala a hukumance yana wajen naira 460. A farkon 2024 ya haura 1,500. Malamin da ƙarin girmansa ya rataya a kan yawan takardun da ya wallafa, albashinsa kuma bai motsa daidai da haka ba, ina zai nufa? Nan mujallun 'yan damfara suke jiransa: ka biya yau, takardarka ta fito mako mai zuwa, babu wanda ya duba ko lissafin ya yi daidai. Ba ƙaramar sana'a ba ce. A 2019 wata kotu a Amurka ta ci kamfanin OMICS na Indiya tarar sama da dala miliyan 50 kan irin wannan yaudara. A ganina laifin bai tsaya kan malamin ba. Kwamitin da ke ƙirga takardu maimakon ya karanta su shi ya buɗe wannan kasuwa.

Ɗalibi ma yana biyan nasa kason. A Janairun 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin ɗari. Mai zama a gidan haya a bayan gari, inda wuta kan yi kwanaki ba ta zo ba, yakan kai wayarsa wurin mai caji, ya karɓi ɗan kati mai lamba, ya dawo da yamma. A wannan ƙaramin gilashi zai karanta takarda mai shafi talatin, yana jan ta da yatsa biyu don ya ga jadawali. Wanda datarsa ta kusa ƙarewa ba ya tsayawa auna wace mujalla ce ta gaskiya. Abin da ya fara buɗewa shi zai kwafa. Wani ɓangare na satar rubutun da malamai ke kuka da ita daga nan ya samo tushe, ko da yake lalaci ma yana ciki.

Abin da ya fi tona raunin wannan tsari shi ne Satumban 2021, lokacin da aka katse sabis ɗin waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina a zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, don a toshe wa 'yan bindiga da masu kai musu rahoto hanyar magana. Dutsin-Ma da Kurfi duk suna ciki, kuma sai a Disamba aka dawo da shi. Mai son aika takarda ko sauke wata sai ya hau motar Katsina, ya ratsa Kurfi inda nan ma shiru, tafiyar kusan kilomita 60 a hanyar da kowa ke ɗari-ɗari da ita. Ba na musun dalilin tsaron. Amma makarantar da ɗakin karatunta ke rataye a jikin turken sabis dole ta yi tanadin ranar da za a kashe shi, kamar yadda manomi ba ya barin hatsinsa duka a rumbun maƙwabci. Na'urar ajiya a cikin harabar makaranta, mai aiki da hasken rana, wadda ɗalibi zai sauke littattafai da mujallu daga cikinta ba tare da data ba, ba ta kai kuɗin gini ɗaya daga cikin waɗanda asusun tallafa wa manyan makarantu, TETFund, ke yi ba.

Cikin abin da ya kamata a fara zubawa a wannan na'ura akwai kundayen ɗalibai, waɗanda duk shekara ake ɗaure su da bango mai kauri, a jera a kanta, ƙura ta rufe. Yawancinsu a kan gonaki da rijiyoyi da makarantun wannan yanki aka rubuta su, kuma da Turanci. Manomin Kurfi da ya bar aikinsa ya zauna ya amsa tambayoyin ɗalibi bai taɓa jin abin da aka gano ba. Sashen da zai wajabta taƙaitawa ta shafi ɗaya da Hausa a gaban kowane kundi, a karanta ta a rediyo ko a tura ta da murya a WhatsApp, ba ya buƙatar dala ko izinin Abuja. Zaman majalisar malamai ɗaya ya isa.