Ƙwayar ƙiba: jiki na cika, garkuwa na kwanciya

Da wuya a ci kasuwa a watse, daga Babankatami zuwa Buza, Keita da Madawa, ba a ga mai tallan magani da faranti a ka ko tebur a bakin rumfa ba. Cikin hajar da ke tafiya akwai ƙananan ƙwayoyin da mata ke saye don su yi jiki, musamman in biki ya matso. A Kano ana ce musu “sha ka fashe”. Sau da yawa deksametazon ne ko ɗan'uwansa firednizolon, kuma aikinsu na asali shi ne kwantar da garkuwar jiki.

Maganin kansa ba mugu ba ne. Tun 1948 likitoci a Amurka suka fara ba masu ciwon gaɓoɓi kakansa, wato kotizon. A 2020 bincike a Ingila ya nuna deksametazon ya rage mutuwa da kashi ɗaya cikin uku a tsakanin masu korona da aka sa wa na'urar numfashi. Waɗanda aka yi wa dashen ƙoda a Asibitin Malam Aminu Kano, inda aka fara dashen a 2002, suna shan magungunan kwantar da garkuwa tsawon rayuwarsu don kada jiki ya ƙi sabuwar ƙodar. Amma su da awo suke sha, likita na duba jininsu.

To, wace irin ƙiba muke saye? Maganin yana tara ruwa da gishiri a jiki, ya buɗe ciki, ya tura kitse zuwa fuska, ƙeya da tumbi, hannuwa da ƙafafu kuwa su rame. Fata ta yi laushi ta tsage. Daga baya sai ciwon suga, hawan jini, yanar ido da raunin ƙashi. In aka haɗa shi da diklofenak ko ibufurofen, gyambon ciki na iya ɓallewa da zubar jini.

Babbar illar ba a ganinta da ido. Garkuwa ta kwanta, tarin fuka da ya daɗe a ɓoye sai ya tashi, haka ciwon hanta. Ƙurji ya ƙi warkewa. Maganin kuma yana danne zazzaɓi, sai cuta ta yi nisa kafin a farga. Mu da muke yini cikin cunkoso, mai tari nan, mai ƙyanda can, mu ne kan gaba wajen kamuwa. Man bilicin mai ɗauke da kilobetazol shi ma dangin maganin ne, yana ratsa fata ya shiga jini. Ƙasar Kodebuwa ta haramta irinsa tun 2015.

Uwargida, in kin wuce mako 3 kina sha, kada ki yanke rana ɗaya. Jiki na da nasa sinadarin irin wannan, kuma ya rage yin sa saboda ƙwayar. Yankewa farat ɗaya na kawo amai, jiri da faɗuwar jini, har a rasa rai. Ɗauki kwalin ki je likita, ki faɗi gaskiyar lokacin da kika fara, a rage miki sannu a hankali.

Wanda likita ya rubuta wa kuwa, ya sha da safe bayan ya ci abinci, ya rage gishiri da suga, ya nisanci mai ƙyanda ko ƙarambau. Ya sanar da ma'aikatan lafiya kafin a yi masa allurar shawara. Mai juna biyu da mai shayarwa su faɗa tun farko. In zazzaɓi, tari ko baƙin bayan gida ya zo, a tafi asibiti ranar nan.

Ƴan'uwa masu tebur, ribar ƙwayar dala kaɗan ce, mai sayen kuwa maƙwabciya ce. In ta kwanta, jarin albasarta ne zai tafi wajen jinya. Ai mun sani, araha ba ta ado.