Shirin Musamman: Wa Ke Da Alhakin Bugun Ƙwallo?

Yau shirin namu zai leƙa jami'o'in Amurka, inda ƙwallon ƙafa irin nasu, wadda ake runguma a ruga da ita, ke cika filaye da dubban 'yan kallo duk ranar Asabar.

Kowace ƙungiya kashi uku ce. Akwai masu kai hari, akwai masu tsaron baya, sai rukuni na uku da ke shiga fili lokacin bugun ƙwallo da ƙafa: bugun buɗe wasa, bugun nesanta ƙwallo daga gida, da bugun neman maki uku tsakanin sanduna. Wannan rukuni shi ne ɗan bora a gidaje da yawa. Da zarar kakar wasa ta ƙare a watan Disamba, aka shiga sallamar kociyoyi da ɗaukar sababbi, kowa hankalinsa na kan wanda zai jagoranci hari da wanda zai riƙe tsaro. Bugun ƙwallo kuwa sai a raba shi gutsi-gutsi, a ɗora wa mataimakan da tuni aiki ya yi musu yawa.

Jami'ar Nebraska ta ɗanɗana kuɗarta a kan haka. A shekarar 2021, ƙarƙashin koci Scott Frost, mataimakin da ke kula da wannan rukuni yana kuma horar da wani sashe na masu tsaron baya. A watan Satumba suna gaban jami'ar Michigan State da maki bakwai, saura 'yan mintoci a tashi, sai mai bugu ya aika ƙwallo ɓangaren da abokansa ba su tsare ba. Jayden Reed na Michigan State ya cafe, ya sheƙa yadi 62 har gida. Aka yi kunnen doki, Nebraska ta sha kashi 23 da 20 a ƙarin lokaci. Wasa uku kacal suka ci a waccan kakar, aka doke su a tara, kuma dukkan taran da tazarar da ba ta kai maki goma ba. A irin wannan wasa na kusa da kusa, bugu ɗaya ne ke raba gardama.

Sai a Janairun 2022 aka naɗa Bill Busch ya kula da rukunin bugun ƙwallo, ya zama aikinsa ke nan, ba haɗi. Amma naɗi kaɗai bai isa ba. A watan Agusta, a birnin Dublin, Nebraska na gaban jami'ar Northwestern 28 da 17, Frost ya ba da umarnin ɗan gajeren bugu na ba-zata don su sake ƙwace ƙwallo. Abin bai yiwu ba, wasa ya juya, suka faɗi 31 da 28. Makonni biyu bayan nan aka sallami Frost.

To, ga wanda ya bi wata hanyar. Frank Beamer ya jagoranci Virginia Tech daga 1987 zuwa 2015, kuma bai miƙa wa kowa wannan rukuni ya juya baya ba. Da kansa yake zama a kai, yana saka gwanayen 'yan wasansa a ciki, har tare bugun abokan hamayya ya zama tambarin makarantar.

Uzurin ƙarancin ma'aikata ma ya kau, domin tun 2018 hukumar NCAA mai kula da wasannin jami'o'i ta amince manyan jami'o'i su ɗauki mataimaki na goma. A ganina, shugaban kociyoyin da ya sake fasalin ma'aikatansa bai fito fili ya ce wane ne mai alhakin bugun ƙwallo ba, to laifin duk abin da ya biyo baya a wuyansa yake.