Shirye-shiryen Ɗakin Karatu Domin Matasa da Gudummawarsu ga Manhajar Hausa

1.0 Gabatarwa

Idan aka ce matasa a wannan rahoto, muna nufin yara masu shekaru 13 zuwa 19, wato waɗanda galibinsu suke ƙaramar sakandare da babbar sakandare. A wannan mataki ne ɗalibi kan ɗauki ɗabi'ar karatu ta zauna masa har tsufa, ko kuma ya yar da ita da zarar ya ajiye alƙalamin jarrabawa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Manufar Ilimi ta Ƙasa, wadda aka fara bugawa a 1977, ta lissafa ɗakin karatu cikin muhimman kayan tallafa wa ilimi a bugunta na 2004. Sai dai a makarantu da dama ɗakin yakan kasance a kulle, ko ya koma wurin ajiyar karyayyun kujeru. Za mu duba irin shirye-shiryen da za su jawo matasa cikinsa, da yadda kowane shiri yake hidima ga manhajar Hausa.

2.0 Ire-iren Shirye-shirye

2.1 Zauren Masu Karatu

Wannan ƙungiya ce ta ɗalibai 10 zuwa 15 da suke haɗuwa sau ɗaya a mako. Kowa yakan karanta babi guda a gida, sannan a zo a tattauna jigo da salo da halayen taurari. Ya kamata a haɗa tsofaffin littattafai, irin su Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da zaɓaɓɓun littattafan adabin kasuwar Kano da suka bunƙasa tun shekarun 1980. Matasa sun riga sun saba karanta waɗannan a ɓoye. Gara a kawo su fili, malami ya tace, a koya wa ɗalibi bambance ingantaccen rubutu da mai rauni.

2.2 Gasar Rubutu

Tarihin ƙagaggun labaran Hausa na boko ya nuna ƙarfin gasa. Gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 ita ce ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi. Abubakar Imam bai wuce shekara 22 ba a lokacin. Haka kuma, gasar Hikayata da Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 ta fito da marubuta mata masu yawa. Ɗakin karatun makaranta zai iya shirya tasa gasar ta gajeren labari ko rubutacciyar waƙa, a sanya ƙa'idojin rubutun Hausa cikin ma'aunin ba da maki, sannan a ɗinke ayyukan da suka yi zarra a ajiye su a kan kanta tare da sauran littattafai.

2.3 Tattara Adabin Baka

A nan akan tura ɗalibai wurin kakanni da dattawan unguwa su samo tatsuniyoyi da kacici-kacici da karin magana, su rubuta su ko su naɗe muryar da wayar hannu. Ga masu koyon Hausa a matsayin harshe na biyu a kudancin ƙasar nan, unguwannin Hausawa irin su Sabo a Ibadan da Agege a Legas makaranta ce ta kusa. Wannan aiki yana horar da saurare da rubutu a lokaci guda.

2.4 Muhawara da Wasan Kwaikwayo

Kafin ranar muhawara, a wajabta wa kowane ɓangare nemo hujjojinsa daga littattafai da jaridun da ke ɗakin. Ta haka ɗalibi zai koyi duba katalog da ƙamus ba tare da an kira abin darasi ba. Haka nan za a iya ɗaukar fitowa guda daga Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, ko wani labari daga Magana Jari Ce, a aiwatar da shi a gaban 'yan aji.

3.0 Tsara Lokaci

Akwai ranakun da za a jingina shirye-shiryen a kansu. Ranar Harshen Uwa ta Duniya, 21 ga Fabrairu, wadda aka fara kiyayewa a 2000, tana faɗowa cikin zango na biyu, don haka ita ta fi dacewa da babban taro. Ranar Littafi ta Duniya, 23 ga Afrilu, wadda UNESCO ta ayyana a 1995, takan zo dab da hutu ko dawowa daga hutu. Ranar Hausa ta Duniya kuwa, 26 ga Agusta, wadda aka fara a 2015, tana cikin dogon hutu. Saboda haka dole makaranta ta haɗa hannu da ɗakin karatun jiha ko reshen Ɗakin Karatu na Ƙasa, wanda ya ƙaddamar da yekuwar ƙarfafa karatu tun 1981, domin kada hutu ya katse abin da aka faro.

4.0 Kammalawa

Muna ba da shawarar a ware darasi guda na ɗakin karatu a jadawalin kowane mako, malamin Hausa da mai kula da ɗakin su tsara aikin zango tare, kuma a ba ɗalibai damar zaɓen wasu daga cikin littattafan da za a saya. A kuma shigar da ayyukan ɗalibi na ɗakin karatu cikin makin gwajin bi-da-bi, domin abin da ba a ba shi maki ba, ɗalibi da malami sukan ɗauke shi wasa. Galibin waɗannan shirye-shirye ba sa buƙatar kuɗi mai yawa. Abin da suka fi buƙata shi ne ɗaki a buɗe da malami mai himma.