Aikin Hajji Tafiyar Ƙafa Ce: Me Sabon Maniyyaci Zai Ɗauka?

Manomin Ikara, Makarfi ko Kudan da ya saba yini a gonar rake yakan ɗauka tafiyar Hajji ba za ta gagare shi ba. Amma zafin Makka daban ne. A Hajjin 2024 zafi ya haura digiri 50, hukumomin Saudiyya kuma suka ce alhazai fiye da 1,300 sun rasu, akasarinsu marasa izinin Hajji da suka yi doguwar tafiya cikin rana.

Ko mai mota ba ya tsira daga tattaki: ɗawafi, Safa da Marwa, da zuwa jifan Shaiɗan daga tantunan Mina galibi da ƙafa ake yin su.

Shi ya sa jakar hannu ta fi babban akwati muhimmanci. A ciki akwai lema, gorar ruwa, gishirin ORS, magungunan da likita ya rubuta da katin shaidar alhaji na Nusuk. Takalmi kuwa, wanda ƙafa ta riga ta saba da shi.

Akwai kuma abin da ba a ɗauka: hukumar alhazai ta NAHCON ta sha gargaɗi kan ɗaukar goro da saƙon kayan da ba a san cikinsu ba.

Maniyyaci ya fara atisayen tafiya tun a gida, a can kuma ya guji zafin tsakar rana, kada kuma ya rabu da ayarinsa.