Hambaga Ta Sauka A Bakin Tafkin Lagdo

Duk wanda ya san Lagdo ya san abin da ake zuwa ci a garin, watau kifi. Tun da mutanen Sin suka gama gina madatsar ruwa a kan kogin Binuwai a 1982, tafki ya cika, masunta suka yi ta kwararowa daga Nijeriya da Cadi da Mali, har giwan ruwa da karfasa da tarwaɗa suka zama cimar gari kuma hajarsa. To, yau ga wata baƙuwa ta sauka, sunanta hambaga, kuma yara sun riga manya yi mata maraba.

Ranar wata Asabar da la'asar 'ya'yan ƙanwata biyu suka tasa ni gaba, wai sai Kawu ya kai su wani ɗan gidan abinci da ke bakin hanya. Wurin ba wani ƙasaitacce ba ne: tebura huɗu na roba, da firji, da talabijin ana nuna ƙwallo. A jikin allo an rubuta hambaga da shawarma da soyayyen dankali, a ƙasa kuma ga kek mai kirim da askirim, wanda a nan aka fi sani da gilas.

Muna zama sai wani dattijo da ya rako jikarsa ya ce da mai wurin, "Yaro, faɗa mini gaskiya, wannan abin ba naman alade a ciki?" Mai wurin ya ce, "Haba Baba, naman sa ne, da safen nan na sayo a mahauta." Tambayar Baba tana da dalili, domin farkon sunan ya yi kama da kalmar da Turawan Ingila ke kiran cinyar alade. Amma asalinsa daga Hambag ne, wani birni na ƙasar Jamus, a Amurka kuma aka sa naman cikin burodi har ya bazu duniya. Jamusawan nan dai su ne suka ci Garwa da yaƙi a 1901, aka kore su a 1915. Ga shi sunan garinsu ya komo mana a faranti.

Ni a ganina ba sunan ne abin tsoro ba. Abin lura shi ne, hambaga da 'yan rakiyarta abinci ne na ƙasashen da lantarki ba ya yankewa. Tsire da balangu yanka ne guda, ƙwayar cuta a bayansa take zama, wuta na taɓa ta ta mutu. Niƙaƙƙen nama kuwa, injin ya riga ya cuɗa baya da ciki, saboda haka idan tsakiyarsa ta fito da ja-ja, bai gasu ba, a mai da shi kan wuta ba tare da jin kunya ba. Haka mayonez, musamman wanda aka kaɗa a gida da ɗanyen ƙwai: a zafin Maris da Afrilu, lokacin da Garwa da kewaye ke haura digiri 40, ba ya jure zama a kan tebur. Askirim ma idan ya narke aka sake daskarar da shi, a ido lafiya lau, a cikin yaro kuwa sai gudawa.

Kada mai karatu ya ce ai Lagdo ce uwar wuta. Gaskiya ne injuna huɗu na madatsar an gina su don su ba da megawat 72, amma a shekarun da ruwan tafkin ya ja baya, kamar 2021, arewacin Kamaru duka ya sha ɗauke wuta. Shi ya sa na tambayi mai wurin yadda yake yi da firjinsa. Ya nuna mini ɗan janareto a bayan ɗaki, ya ce kuma ba ya niƙa naman da ya wuce na yini guda. Wannan amsa ta fi kwantar mini da hankali a kan duk adon da ke jikin allo.

Sai maganar zaƙi. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kada sukarin da baligi ke sha a yini ya wuce kimanin giram 50, in da hali ma 25. Ƙaramin gwangwanin lemon kola kaɗai yana ɗauke da wajen 35. Yaran nan kuwa kowanne ya sha lemo, ya ci kek, yana hangen askirim. Nan Kawu ya taka burki, aka raba kofi guda biyu.

Daɗi kam akwai shi, ba zan ɓoye ba. Naman ya ji albasa da yaji, burodin da ɗumi, har na lashe yatsa. Da aka kawo lissafi sai na ga jaka shida da 'yan kai, kuɗin da zai ciyar da gidan ƙanwata duka da kifi da tuwo har a ɗumama da safe. Na biya, muka fito.

A hanya muka wuce matan da ke gasa karfasa, hayaƙi yana tashi, ga mai foleren sanyi a gefe. Ƙaramin ya ja mini riga ya ce, "Kawu, ni fa ban ƙoshi ba."